Daga Iska zuwa Ma'ana: Yadda Kunne da Ƙwaƙwalwa ke Karɓar Sautin Magana

1.0 Gabatarwa

A Hausa aikatau ɗaya ne ke ɗauke da mafi yawan abin da jiki ke karɓa daga duniya, wato "ji". Mutum yana jin kiran salla, yana jin ƙanshin turare, yana jin ɗacin magani, yana jin zafin rana a fatarsa, yana jin yunwa, yana kuma jin tsoro. Idan aka tambayi baƙo ko yana jin Hausa, ba a kan lafiyar kunnensa ake tambaya ba, ana son a sani ne ko yana gane abin da ake faɗa. Ido kaɗai aka ware wa kalmarsa, wato "gani".

Wannan faɗin ma'ana na kalmar "ji" ya yi daidai da abubuwa biyu da masana jijiyoyi suka tabbatar. Na farko, duk gaɓoɓin da ke karɓar saƙo, daga kunne har fata, da irin harshe ɗaya suke magana da ƙwaƙwalwa. Na biyu, tsakanin shigar sauti cikin kunne da gane ma'anarsa akwai hanya mai zanguna da yawa, kuma a kowane zango ana tace saƙon, ana ƙara masa, ana rage masa. Wannan nazari zai bi hanyar zango-zango, yana kafa misali da abubuwa uku na tsarin sautin Hausa: karin sauti, da tsawon wasali, da baƙaƙe masu lanƙwasa irin su /ƙ/ da /ɓ/ da /ɗ/. Dalilin yin haka shi ne, kunne ne kayan aiki na farko ga ɗalibin ilimin harsuna. Duk wanda zai fita karkarar Damagaram ko Gobir ko Adar domin tattara kalmomi, ya kamata ya san abin da kunnensa ke iyawa, ya kuma san inda yake yaudararsa.

2.0 Harshe ɗaya na jijiyoyi

Ƙwaƙwalwa tana kulle cikin ƙoƙon kai, ba haske ke isa gare ta ba, ba ƙara, ba wari. Abin da ke isa gare ta shi ne ƙananan bugu na lantarki da ke gudu cikin jijiyoyi. Kowace gaɓa tana da ƙwayoyi na musamman masu juya wani nau'in abu zuwa wannan bugu. Na ido suna juya haske, na hanci da harshe suna juya sinadarai, na fata suna juya taɓi da zafi da sanyi, na kunne kuwa suna juya kaɗawar iska.

A shekarar 1926, Edgar Adrian na Jami'ar Cambridge a Ingila ya yi nasarar auna saƙon da ke bin zaren jijiya guda ɗaya tak, a jikin kwaɗo. Ya gano cewa girman bugun ba ya canzawa: ko dai ya tashi cikakke, ko kuma bai tashi ba sam. Idan abin da ya taɓa gaɓar ya yi ƙarfi, bugun ba ya ƙara girma, yawansa ne ke ƙaruwa a cikin daƙiƙa. Ya kuma lura cewa idan abu ya daɗe bai canza ba, bugun yakan ragu. Wannan ne ya sa wanda ya shiga majema yakan daina jin warin bayan ɗan lokaci, kuma maƙwabcin injin niƙa ba ya tuna da ƙarar sai lokacin da aka kashe shi. Jijiyoyi sun fi damuwa da canji bisa abin da ke zaune daram, magana kuwa gaba ɗayanta canji ce.

To, idan bugun iri ɗaya ne, ta yaya ake bambanta ƙara da haske? Tun shekaru ɗari kafin Adrian, Johannes Müller na Jamus ya ba da amsa: abin da mutum ke ji ya dogara ne ga jijiyar da ta motsa da kuma inda ta kai saƙonta. Wanda aka mara a gefen ido yakan ga walƙiya ko da a cikin duhu, domin jijiyar ido ba ta san wani labari ba sai na haske. Gudun saƙon ma ya bambanta. Zarurruka masu kauri suna kai shi da gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa, sirara kuwa da kyar suke kai mita 1 ko 2. Shi ya sa mai tuntuɓe yakan fara jin bugun dutsen, sannan raɗaɗin ya biyo baya.

3.0 Aikin kunne

Sauti matsi ne da sakin iska masu bin juna, suna tafiya da gudun kusan mita 340 a daƙiƙa. Ana auna yawan kaɗawar da ma'aunin Hertz, wato sau nawa aka kaɗa a daƙiƙa guda. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga Hertz 20 zuwa 20,000. Lokacin magana, tantanin maƙwallaton namiji yana buɗewa da rufewa kusan sau 120 a daƙiƙa, na mace kuwa yakan haura 200.

Iskar tana bin kafar kunne, mai tsawon kusan santimita 2.5, ta bugi dodon kunne. A bayan dodon akwai ƙananan ƙasusuwa uku da aka raɗa wa suna bisa siffarsu: guduma, da uwar maƙera, da likkafa. Likkafar ita ce mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin ɗan Adam, ba ta wuce milimita 3 da ɗan abu ba. Amfaninsu shi ne, sashen kunne na can ciki cike yake da ruwa, kuma sautin iska ba ya shiga ruwa da sauƙi. Dodon kunne mai faɗi yana tattara ƙarfin, ƙasusuwan su zuba shi a kan wata ƴar taga, matsin ya ninka kusan sau 20.

Bayan tagar akwai katantanwar kunne, wani bututu da ya naɗe kusan sau biyu da rabi, wanda tsawonsa zai kai milimita 35 da za a miƙe shi. A tsakiyarsa akwai wani tantani da ya bi tsawonsa duka. A bakin katantanwar tantanin siriri ne mai tauri, a can ƙurya kuma mai faɗi ne, sako-sako. Duk wanda ya ga makaɗin kalangu ya san ma'anar wannan: idan ya matse tsarkiya, fatar ta ɗame, amon ya tashi sama, idan ya saki, amon ya sauka. Haka nan sauti mai tsini yana girgiza bakin katantanwar, mai kauri kuma ya girgiza ƙuryarta. Georg von Békésy ne ya nuna wannan da gwaji, aka ba shi kyautar Nobel a 1961.

A kan tantanin ne ƙwayoyi masu gashi suke, a wani tsari da Alfonso Corti na Italiya ya bayyana a 1851. Na layin ciki kusan 3,500 ne, su ne ke aika labari. Idan tantanin ya motsa, gashinsu ya karkata, sai wasu ƙofofi su buɗe, sinadarin fotashiyam ya kwarara ciki, ƙwayar ta tayar da bugu a jijiyar ji, wadda ke da zarurruka kusan 30,000. Na layukan waje kusan 12,000 ne, aikinsu shi ne miƙewa da takurewa domin su ƙara wa raunanan sautuka ƙarfi. Motsinsu yana fitar da wani ɗan amo da ke komowa waje, wanda David Kemp ya gano a Landan a 1978. Da wannan amon ne ake gwada jin jarirai tun ba su san komai ba.

Ga mai nazarin furuci, ma'anar wannan ita ce kunne yana rarraba sauti kafin ƙwaƙwalwa ta gan shi. Wasalin /i/ yana da ƙarfi a wajen Hertz 300 da kuma sama da 2,000, saboda haka yana motsa wurare biyu masu nisa da juna. Wasalin /u/ yana tara ƙarfinsa a ƙasa, /a/ kuma a tsakiya. Baƙin /s/ yana can sama da 4,000, kusa da bakin katantanwa. Kowane sauti yana da tasa taswirar.

4.0 Daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa

Saƙon ba ya zarcewa kai tsaye. Yana fara yada zango a gindin ƙwaƙwalwa, inda wasu ƙwayoyi ke amsawa ga farkon sauti kawai, wasu kuma ga tsawonsa. A zango na gaba ana kwatanta abin da kunnen dama ya kawo da na hagu. Idan mai magana yana hannun dama, muryarsa tana riga isa kunnen dama da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma wannan tazarar ta isa a gane inda yake. Da taimakonta ne mutum ke iya bin muryar mai ciniki ɗaya a tsakiyar hayaniyar kasuwar Maraɗi. Daga nan saƙon ya hau tsakiyar ƙwaƙwalwa, ya ratsa talamus, wadda kusan duk saƙonnin gaɓoɓi ke bi ta cikinta in ban da na hanci, sannan ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa a sashen da ke saman kunne. Mafi yawan zarurrukan suna tsallakawa, na kunnen dama su nufi hagu, na hagu su nufi dama. Akwai kuma zarurruka masu saukowa daga sama har cikin katantanwa, wato ƙwaƙwalwa tana da ta cewa a kan abin da kunne zai kawo mata.

Cewa harshe yana da mazauni a ƙwaƙwalwa, marasa lafiya ne suka fara nuna shi. A 1861, Paul Broca ya bayyana wani majinyaci a Paris wanda yake gane magana amma ba ya iya furta komai sai gaɓar "tan". Bayan rasuwarsa aka sami rauni a gaban ɓangaren hagu. A 1874, Carl Wernicke ya bayyana akasin haka: majinyata masu magana tiryan-tiryan amma ba ma'ana, waɗanda kunnensu ke ji amma ba sa gane abin da aka ce, rauninsu kuwa yana baya, kusa da wurin ji. Da Hausa za a ce suna ji amma ba sa ji, kuma jimlar ba ta saɓa wa kanta ba. A 2014, Edward Chang da abokan aikinsa a San Francisco suka auna saƙon kai tsaye daga ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da ake shirin yi wa aiki. Sun tarar cewa wasu wurare suna amsawa ga tsayau, wasu ga zuzau, wasu ga ƴan hanci. Rukunan da ɗalibi ke haddacewa a darasin furuci suna da takwarorinsu a cikin ƙwaƙwalwa.

5.0 Karin sauti da tsawon wasali

Hausa tana da karin sama, da karin ƙasa, da karin faɗau, kuma suna bambanta ma'ana. Kalmar kuka mai karin sama-sama ita ce ta zubar hawaye, mai karin sama-ƙasa kuwa itaciya ce. Baba mai ƙasa-sama uba ne, mai sama-ƙasa uwa ce ko gwaggo, mai sama-sama kuma shi ne na rini. Tsawon wasali ma haka: gari mai gajeren wasalin farko shi ne wurin zama, mai dogon wasali kuwa na tuwo ne, alhali karinsu ɗaya. A nahawu abin ya fi tsanani. Rubutun "ta zo" yana iya zama shuɗaɗɗen lokaci idan wasalin "ta" dogo ne mai karin sama, ko shuɗaɗɗe na dangantaka idan gajere ne mai karin sama, ko umurni da fata idan gajere ne mai karin ƙasa. Bambancin duka bai wuce ƙaramin kaso na daƙiƙa da ƴan Hertz ba, amma yaro ɗan shekara biyar ba ya kuskurensa.

Abubuwa biyu suna nuna cewa ƙwaƙwalwa ce ke lissafa karin. Na farko shi ne wayar tarho. Layin tarho na gargajiya yana wuce da sauti ne daga Hertz 300 zuwa 3,400 kawai, alhali kaɗawar maƙwallaton namiji tana wajen 120, wato an yanke ta. Duk da haka babu wanda ke rikita kuka da kuka a waya. Dalili shi ne, murya mai kaɗawa 120 tana ɗauke da ninki-ninkinta: 240, 360, 480, 600, har sama. Ƙwaƙwalwa tana duba tazarar da ke tsakanin waɗanda suka tsira, ta maido da tushen da ya ɓace.

Na biyu shi ne gangarar kari a cikin jimla. A jimlar "Audu ya tafi kasuwa da yamma", duk karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa yana sauka ƙasa da na saman da ya gabace shi. A doguwar jimla, karin sama na ƙarshe yana iya kai matsayin karin ƙasa na farko, ko ma ya gaza shi. Haka kuma karin ƙasa na yarinya ya fi karin sama na dattijo tsini. Saboda haka babu wani adadi da za a ce shi ne karin sama. Mai sauraro yana auna kowace gaɓa ne da maƙwabtanta da kuma muryar mai maganar, ba tare da ya san yana yi ba.

Binciken da aka yi a kan wasu harsuna masu kari ya nuna cewa harshen uwa yana gyara wannan aiki. A 1973, Diana Van Lancker da Victoria Fromkin sun tarar cewa masu harshen Thai sun fi gane karin kalmominsu da kunnen dama, wato da ɓangaren hagu mai kula da harshe, abin da ba a gani ba ga masu Ingilishi. A 2005, Ananthanarayan Krishnan da Jackson Gandour na Jami'ar Purdue sun nuna cewa tun a gindin ƙwaƙwalwa, jijiyoyin masu harshen Sinanci na Mandarin sun fi na masu Ingilishi bin hawa da saukar kari daidai.

6.0 Inda ƙwayar sauti take

A 1957, Alvin Liberman da abokan aikinsa a cibiyar Haskins ta Amurka sun ƙera sautuka da na'ura, suna tafiya da kaɗan-kaɗan daga /b/ zuwa /d/ zuwa /g/. Masu sauraro ba su ji canjin a hankali ba. Sun ji /b/ sau da yawa, sai kwatsam suka ji /d/. Sautuka biyu da ke cikin rukuni ɗaya sun yi musu wuyar bambantawa, biyun da ke tsallaken iyaka kuwa sun bambanta su nan take, ko da tazarar iri ɗaya ce. A cikin iska babu iyaka, mai sauraro ne ke shata ta.

Yaushe ake shata ta? Janet Werker da Richard Tees sun amsa a 1984, a Kanada. Sun gwada jariran gidajen masu Ingilishi da sautuka biyu na harshen Hindi, da kuma wasu tunkuɗau biyu na wani harshen Salish na ƴan asalin ƙasar, ɗaya daga cikinsu ɗan'uwan /ƙ/ na Hausa ne. Jarirai ƴan wata 6 zuwa 8 sun bambanta su. Ƴan wata 10 zuwa 12 kuwa mafi yawansu sun kasa, alhali jariran da ake magana da waɗannan harsuna a gidajensu sun ci gaba da bambantawa. Tun kafin yaro ya furta kalmarsa ta farko, kunnensa ya riga ya zaɓi harshe.

Ana ganin sakamakon wannan kullum a Nijar. Bafaranshen da ke koyon Hausa yakan ji baki da baƙi, wato na cin abinci da na saukewa a gida, kamar kalma ɗaya, haka daka da ɗaka, domin harshensa bai ware tunkuɗau da haɗiyau ba. Shi kuma yaron da ya tashi da Hausa, ranar da ya shiga lakwal yakan gamu da pou da fou da vous. A Hausa [p] da [f] ba su bambanta ma'ana, fuskoki ne na ƙwayar sauti ɗaya, wadda a yamma ake furtawa [h] ko [hw], kamar tafi da tahi, /v/ kuwa babu shi. Haka rue da roue, domin Hausa ba ta da wasalin farko. Yaron da ya rikita waɗannan a shifta ba daƙiƙi ba ne, kuma ba kurma ba ne. Iyakokin da ke cikin kansa na Hausa ne. Ana iya shata sababbi, amma sai da horon kunne: a riƙa jiyar da shi kalmomi biyu da suka bambanta a sauti ɗaya kacal, daga bakin mutane daban-daban, kafin a nemi ya rubuta.

7.0 Gani ya kori ji

Karin maganar nan yana da gaskiya fiye da yadda masu faɗarsa ke zato. A 1976, Harry McGurk da John MacDonald na Jami'ar Surrey sun haɗa muryar da ke cewa "ba" da hoton leɓɓan da ke cewa "ga". Mafi yawan manyan da aka gwada sun ce "da" suka ji. Idan suka rufe ido sai "ba" ta dawo, idan suka buɗe sai "da" ta komo, ko da an riga an gaya musu dabarar. Ƙwaƙwalwa tana haɗa shaidar ido da ta kunne kafin ta yanke hukunci.

Sani ma yana korar ji. A 1970, Richard Warren ya cire baƙi ɗaya daga wata kalma a tsakiyar jimla, ya sa tari a gurbinsa. Kusan duk masu sauraron sun ce kalmar cikakkiya ce, kuma ba su iya nuna inda tarin ya faɗo ba. Ƙwaƙwalwa ta cike giɓin da abin da take tsammani. Irin wannan cikon ne ke sa a iya karanta Hausa, tun da daidaitaccen rubutu ba ya nuna kari ko tsawon wasali: mai karatu yana ganin "ya sayi gari" ya sa dogon wasali da kansa. Amma abin da ke taimakon mai karatu shi ne ke cutar da mai bincike. Ɗalibin da ya saba da Hausar littafi yana iya sauraron tsohuwa a ƙauyen Adar, ya rubuta abin da ya saba gani, ya yi rantsuwa cewa haka ta faɗa.

8.0 Idan hanyar ta yanke

Ƙwayoyi masu gashi na ɗan Adam ba sa sake tsirowa idan sun mutu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan 1.5 suna da wani rauni na ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar kulawa. Nijar tana tsakiyar yankin sanƙarau da Léon Lapeyssonnie ya bayyana a 1963, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma kurumta tana cikin manyan illolin da cutar ke bari ga waɗanda suka warke. Ciwon kunne mai ruwa da aka yi wa sakaci, da wasu magunguna irin su jantamaisin idan an sha su ba bisa ƙa'ida ba, da ƙara mai ƙarfi, duk suna lalata ji. Hukumar ta sa iyakar sauraro marar haɗari ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, abin da ya shafi duk mai kwana da na'urar sauraro a kunne.

Tsufa da ƙara sun fi cin sautuka masu tsini tun da farko. Wasula suna nan da ƙarfinsu, amma /s/ da /sh/ da /ts/ suna dusashewa, mutum ya riƙa cewa yana jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi. A aji, irin wannan yaro ake ɗauka marar kula.

Rashin ji bai zama rashin harshe ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa a 2000, kuma tana da kalmominta da ƙa'idojinta. Binciken Ursula Bellugi da abokan aikinta a kan maganar hannu ta Amurka ya nuna cewa kurman da ya sami rauni a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yakan rasa maganar hannunsa kamar yadda mai ji ke rasa ta baki. Kunne ƙofa ce ɗaya daga cikin ƙofofin harshe. Abin da yaro ke bukata shi ne harshe ya isa gare shi da wuri, ta kowace ƙofa.

9.0 Kammalawa

An ga cewa abin da mutum ke ji gini ne da jijiyoyi ke yi daga kaɗawar iska, da shaidar ido, da harshen da aka tashi da shi. Daga nan wasu ƙa'idojin aiki suke fitowa ga mai fita bincike. Ya ɗauki murya a na'ura kafin ya rubuta komai, domin rubutun farko yakan bi tsammani. Ya sa kalmar da yake nazari a cikin jimla ɗaya marar canzawa, domin kari ba ya tabbata sai an auna shi da maƙwabcinsa. Idan ya yi shakka, ya nemi mai ba da bayani ya yi fito ko gunjin kalmar ba tare da baƙaƙe ba, karin zai fito fili. Ya duba hoton sautin a manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Amsterdam kuma ake samunta kyauta, sannan ya ba wani mai karin harshe daban ya saurara. Inda kunnuwa biyu suka saɓa, sau da yawa a nan ne abin nazarin yake.

Mafi yawan gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne da Ingilishi, da Thai, da Sinanci, da Hindi. Hausa ta haɗa kari, da tsawon wasali, da tunkuɗau, da haɗiyau a harshe guda, kuma masu ita suna zaune tare da masu Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Tamajak, da Faransanci. Gwajin da zai nuna inda Bahaushen Tawa da na Damagaram ke shata iyaka tsakanin gari da gari, ko yadda mai Zabarmanci ke jin /ƙ/, ba ya bukatar fiye da kwamfuta ɗaya, da na'urar sauraro mai kyau, da masu sauraro da suka yarda su ba da rabin awa.